Muttaka Mai Tafiya da Baya

Duk wanda ya taɓa zama a Koki ya san Muttaka mai rumfa. In bai san fuskarsa ba, to ya san ƙeyarsa, don ita ce ke fara shigowa lungu, sauran jikin ya biyo ta. A danginmu kaf, tun daga kakanni, ba a haifi mai mafarki ido biyu kamarsa ba. Ranar sunansa ma, in ji tsofaffin gida, wanzami ya aske shi tas bai ce uffan ba, ya kafa wa azarar ɗaki ido yana murmushi kamar wanda aka yi wa albishir da kujerar Makka. Da ya girma sai Allah ya miƙe shi, dogo siriri, har ba ya neman tsani in zai ɗaura tamfol. Taubasansa, da yake ba su da kirki, sukan ce in hadari ya taso shi ake tambaya ko da ruwa a ciki, don kansa ya fi kusa.

Tafiya da bayan kuwa tana da asali. Yana saurayi, a zamanin farar hular da aka yi kafin soja su sake dawowa, mahaifinsa ya aike shi kasuwar Kurmi sayen igiya. A layin dukawa ya ga wani mutum cikin farin kaftani, da 'yar sanda a hannu, yana tafiya da baya, Turawa na biye da shi kamar 'ya'yan agwagwa. Bai waiwaya ba, bai yi tuntuɓe ba. Duk inda ya nuna da sandar nan, can idanu za su koma, bakuna su buɗe. Ya nuna wata tsohuwar katanga da Muttaka ke wucewa kullum, katangar da ba ta da aiki sai jingina keke. Turawan suka tsaya kallonta. Shi ma Muttaka ya kalla, sai ya ga ashe akwai zane a jikinta, sawun yatsun maginin da ya rasu tun ba a haifi kakansa ba, yana nan kamar jiya aka shafa. Ya dawo gida bayan la'asar, ba igiya, da baya.

Tun daga ranar ba shi da buri a duniya sai ɗaya: ya wuce gaba, fuskarsa na kallon baƙi, yana nuna musu birni. Turanci ne ya taka masa birki. A tsakiyar firamare suka rabu da boko ba sallama, abin da ya fito da shi bai wuce ya gaida mutum ya ce masa zo nan ba. Ga shi kuma soja sun dawo, Turawan suka yi ta raguwa har suka koma sai a labari, mai farin kaftanin ma aka daina ganinsa. Amma Muttaka bai fasa shiri ba. Kwatocin Koki babu wadda bai auna zurfinta da ƙafarsa ba. Ya taɓa zama daram a cikin tiren mai awara. Ya taɓa shiga masallaci da baya yana bayani, ladan ya zaci fita yake, ya ce masa ai ba a yi sallar ba tukuna. Da ya rasa baƙi sai ya koma kan akuyoyin unguwa, kuma wanda bai yarda ba ya je ya gwada: har yau akwai jikokin akuyoyin nan da in ka nuna musu katanga sai sun ɗaga kai.

Sana'ar da ya gada ita ce hayar rumfa, kuma a nan ba a raina shi. Kansa na iya zuwa Masar ya dawo, hannuwansa na nan suna aiki, ba sa jiran umarninsa. Sai dai shimfiɗa iri biyu kaɗai hannuwan nan suka sani. Akwai ta biki: rumfa mai geza, kujeru a jere, a bar fili a tsakiya, a rataya lasifika. Akwai kuma ta rasuwa: farar rumfa ba ado, tabarmi su zagaye gefe uku, a bar baki a buɗe ta wajen hanya inda za a tuɓe takalma, a sa darduma a tsakiya don babban gida, a jera butoci a gefe, in gidan ba shi da fili a kare wani ɓangare ta baya saboda mata. Mutumin birni ko a kan babur yake yana gudu, kallo ɗaya zai yi ya san wacce ce, ya san ko zai ce Allah ya sanya alheri ya wuce, ko zai sauka ya tuɓe takalmi.

Baƙuwarsa ta farko mai ƙafa biyu 'yarsa ce, Bahijja. Tun tana tatata yake riƙe hannuwanta, shi da baya ita da gaba, yana ba ta tarihin kowace ƙofa, rabi a bakin tsofaffi ya ji, rabi a mafarki ya gani. Ya gaya mata kududdufan birni idanun ƙasa ne, da su take kallon sama. Ya gaya mata badala, ganuwar birni, na numfashi da damina, shi ya sa ciyawa ke fito mata. Yarinyar ta ɗauko nutsuwar uwarta Turai, ta ɗauko idon ubanta. Ta shiga sakandare, ta kai manyan azuzuwa, Turanci na zuba a bakinta kamar an kwance famfo, har takan gyara wa ubanta tarihi a hankali ba tare da ta taɓa masa mafarkin ba.

Shekarar da soja suka koma bariki, rediyo ya cika da alkawura. Za a gyara wuta, za a gyara ruwa, kuma baƙi za su dawo yawon buɗe ido. Na ƙarshen kawai Muttaka ya ji. A ransa Turawa na can sun yi layi da jakunkunansu, layin ya kai bakin teku ya lanƙwaso, jira kawai suke a buɗe musu ƙofa. Sai ga shi da dogon hutu, a tsakiyar damina, Bahijja ta dawo gida da labari. An zaɓi ɗalibai daga manyan azuzuwan sakandare, maza da mata, za a koya musu sana'ar jagorar baƙi, kuma tana cikinsu. Za a kafa sansani a filin gindin badala wajen Ƙofar Ruwa, maza su kwana a can, mata su riƙa komawa gida kafin magariba. Wani otal ya yi alkawarin turo bas cike da baƙi a ranar ƙarshe. Duk ɗalibin da ya ja su ya nuna musu gari, za a ba shi satifiket da koriyar hula, a riƙa kiransa aiki duk hutu. Wanda bai ja baƙo ba kuwa ya tashi a tutar babu.

Muttaka ya miƙe zai taka rawa, sai ya tuna da Gwaggo 'Yardada. Yayar mahaifinsa ce, ita ke riƙe da gidan, tsohuwar da ko kazar gidan ba ta fita sai da izininta. Ya same ta a bakin ɗaki tana ɗinkin hula.

"Wato dai yawon gari za a koya mata," in ji Gwaggo, ba ta ɗago ba. "A makaranta. Har da malami."

"Sana'a ce, Gwaggo. Jagora."

"Jagorar makaho na sani. Su baƙin ba su da idanu ne?"

"Suna da su. Nuna musu ake yi."

"Me za a nuna musu? Kwatar da ka faɗa bara?"

"Haba Gwaggo, ai birnin nan..."

"Dakata, Dogo, kada ka fara, ina da aiki." Ta ciji zare. "Na bar ta ta je wannan karon. In ta dawo da hular da kuke faɗa, na ga shaidar sana'a ce, na sa albarka. In ta dawo kanta haka, ta zauna kusa da ni ta koyi ɗinkin hular da ake sayarwa, kada na sake jin zancen. Mai tafiya da baya ɗaya ya ishe mu a gidan nan."

Malamin da aka ɗora wa sansanin, Malam Salihu, wani gajere mai tabarau da usur a wuya, shi ya zo da kansa neman rumfa.

"Malam Muttaka, ba ma son kujeru. Zaman daji za su koya, a ƙasa za su zauna."

"To."

"Ba lasifika, ba geza, ba ado. Tabarmi da butoci kawai. A kare wa 'yan mata nasu ɓangaren. Kwana uku za mu yi."

"To, Malam," in ji Muttaka, idonsa na kan wani gajimare da ya yi kama da bas.

Kunnensa dai sansani ya ji. Hannuwansa kuwa suka ji ba kujeru, ba ado, kwana uku, suka ce sun gane.

Filin ya yi kore shar. Badala na tsaye a baya, ja, ruwa ya zaizaye mata kafaɗu, ciyawa ta fito mata a ka kamar gashin jariri. Gefe ga kududdufi ya cika maƙil, kainuwa ta rufe rabinsa, balbelu na sauka suna tashi kamar ana shanya fararen huluna a iska. Nan Muttaka ya kafa rumfunansa, farare tas, tabarmi gefe uku, darduma a tsakiya, butoci a jere. Babu wanda ya lura da komai, domin daga safe zuwa yamma usur ne ke tashi, yara na guje-guje da dariya. Aka koya musu ɗaurin igiya da hura wuta da jiƙaƙƙen icce. Aka koya musu karanta taswira, da yadda ake tarbar baƙo, da yadda ake magana na ƙarshen layi ya ji ba tare da an kurmantar da na gaba ba. Rana ta biyu Malam Salihu ya miƙa igiya a ƙasa, ya ce kowa ya bi ta da baya yana bayani.

Muttaka na bayan rumfa riƙe da turke, leɓɓansa na motsi. Samari suka yi ta karkacewa suna faɗawa cikin butoci. Da aka zo kan Bahijja ta bi igiyar nan sumul, ba waiwaye, tana magana tana nuni, kamar tana da ido a ƙeya.

"Ke kuwa a ina kika koya?" in ji Malam Salihu.

Ta dubi ubanta. Shi kuwa ya duƙufa kan wata igiya da ta riga ta ɗauru, ya yi ta ja har ƙarfen rumfa ya fara ruku'u.

Ranar ƙarshe kowa ya zo cikin farin yunifom da ya sha guga. Tun hantsi suka tuɓe takalma a bakin rumfa suka zauna jiran bas. In mota ta yi ƙara, kawuna su ɗago, in ta wuce su koma. Da rana ta fara ɗagawa Malam Salihu ya je wani shago ya buga waya otal. Ya dawo yana jan ƙafa. Baƙin sun fasa, ba bas, ba ko keke. Ya zube a kan dardumar tsakiya, ya cire tabarau, ya rafka tagumi. Usur ya yi shiru. Samari suka sunkuyar da kai a kan tabarmi, ta bayan tamfol kuma ana jin wata yarinya na shessheƙa ƙasa-ƙasa.

Muttaka ya leƙa ya ga Bahijja zaune, hannuwanta a cinya, idonta ja, ba ta kuka. Bai iya kallo na biyu ba. Ya zagaya gindin badala inda ya ajiye ragowar tamfol, ya miƙe a kai samɓal, ya rufe fuska da hula. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya ɗauke shi. Ya ga bas ta sauko daga cikin gajimare ba ƙara, balbelu na janta da igiyarsa, wadda aka aike shi saye tun yana saurayi. Ya ga ƙofarta ta buɗe, mutane na fitowa ba iyaka, kowa ya riƙe takalminsa a hannu, suna bin Bahijja a kan ruwan kududdufi ba sa nitsewa.

A daidai lokacin ne Alhaji Baffa, wani dillalin ƙarfe na kasuwar Ƙofar Ruwa, ya biyo ta hanyar a kan besfarsa. Mutum ne da bai taɓa wuce makoki ba, ko na wanda suke gaba da shi ne. Ya yi kallo ɗaya: farar rumfa, tabarmi gefe uku, takalma a baki, babba a tsakiya da tagumi, kuka ta ɓangaren mata. Ya kashe besfa, ya tuɓe takalmi, ya yi sallama, ya durƙusa gaban Malam Salihu ya ɗaga hannu.

"A yi salati ga Annabi."

To, a birni ba a ɗaga hannu kai ka bar naka a ƙasa. Malam Salihu ya ɗaga, yara suka ɗaga, aka yi Fatiha aka shafa.

"Alhaji, ai mu nan..." in ji Malam Salihu.

"Salamu alaikum!" Wasu biyu da suka ga besfar Alhaji sun riga sun durƙusa, hannuwa a sama.

Haka aka yi ta yi. Duk sanda malamin ya buɗe baki, sai wata Fatiha ta rufe shi. Kafin azahar rabin kasuwa ta rufe. Teloli suka zo, 'yan dako suka zo, masu walda suka zo da tabaransu a goshi. Mata suka yi ta wucewa baya da mayafai, suna rungume duk yarinyar da suka fara samu. Kwanuka suka fara isowa daga maƙwabta, shinkafa da wake, waina, kunun tsamiya, har aka rasa wajen sa ƙafa. Babu wanda ya tambayi sunan mamaci da ƙarfi, kowa na jin kunya a ce shi kaɗai ne bai sani ba. Sai raɗa.

"Rumfunan Muttaka ne fa, na Koki."

"Ga 'yarsa can, idonta jawur."

"To shi yana ina?"

Wani ya zagaya baya ya hango dogon abu miƙe samɓal a kan tamfol, fuska a rufe. Ya dawo yana salati, ya ce ashe ba a ma kai shi ba tukuna. Nan take aka shiga yabon Muttaka, yabon da bai taɓa ji ba yana raye. Har mai awarar da ya zauna mata a tire ta ce ta yafe duniya da lahira. Bahijja na ta cewa babanta lafiyarsa ƙalau, mata na shafa kanta suna cewa Allah sarki, haka ake ji da farko. Labari kuwa ya riga ya kai Koki, ko iska ba ta kai shi sauri ba.

Gwaggo 'Yardada, wadda rabonta da wuce bakin unguwa har an manta, ta iso da takalmi wari ɗaya. Mutane suka dare. Ta wuce kai tsaye gindin badala, ta durƙusa, ta ɗaga hular.

Muttaka ya buɗe ido ya yi murmushi.

"Gwaggo, bas ɗin ta iso?"

Abin da ya biyo baya, masu walda sun ce sun ga ɗan dako ya tsallake kududdufin nan ƙafarsa ba ta jiƙe ba. Takalman da suka cakuɗe a ranar har yau ba a gama warware su ba. Gwaggo kaɗai ce ba ta gudu ba. Ta naɗe hular ta shiga zabga masa, hawaye na bin kumatunta.

"Ɗan nema! Mai wuyan raƙumi! Tun daga Koki nake tahowa ina yafe maka abin da ka yi mini tun kana goye. To na janye! Duka na janye!"

Da hankali ya dawo, jama'a suka dawo, aka ji bayanin Malam Salihu daga farko har ƙarshe, sai dariya ta fara komawa tsaki. Alhaji Baffa ya gyara babbar riga.

"Wa ya yi shimfiɗar nan?"

Muttaka ya tashi ya zagayo gaba. Sai a lokacin ya dubi rumfunansa da idon mai wucewa, ya ga aikin da hannuwansa suka yi. Ya dube su, suka ɓuya a aljihu.

"Ni ne, Alhaji."

"Shimfiɗar makoki ba gawa? Kiran mutuwa kake yi mana a unguwa? A kwance ta yanzun nan."

"Bahijja," in ji Gwaggo, tana share ido da gefen mayafi, "ɗauko jakarki. Hula dai ba ta samu ba, sai abin kunya."

Yarinyar ba ta yi musu ba. Ta fito da jakarta a kafaɗa ta tsaya bayan tsohuwar.

Muttaka ya ɗaga kai don ya ba da haƙuri, sai idonsa ya faɗa kan taron. Mutane ne a gabansa cike da fili, ƙafa ba takalmi, sun riga sun rufe shaguna, ba wanda ke sauri, kuma duk shi suke kallo. Rabin rayuwarsa ya yi yana jiran fuskoki su juyo masa haka. Ƙafarsa ta ja baya da kanta. Ya zaro hannu daga aljihu, ya ɗauki wani turke ya nuna can inda dutsen Dala ya leƙo ta saman soraye, gajimare na zaune a kansa.

"Laifina ne, Alhaji, zan kwance. Amma don Allah, yaushe rabonka da hawa can?"

Alhaji Baffa ya juya ya duba, ya daɗe yana dubawa.

"Tun mahaifina na raye," ya ce, muryarsa ta sauka. "A wuya ya ɗauke ni."

"Ni a gindinsa aka yanke mini cibiya," in ji wata mata daga baya, "ban taɓa hawa ba."

"Malam," in ji Muttaka, "waɗannan ba za su yi ba?"

Malam Salihu ya mayar da tabarau ya ƙare wa taron kallo, kamar mai duba hatsi a kasuwa.

"Duk wanda ya biyo ka bai san abin da za ka nuna masa ba," ya ce a hankali, "ai baƙo ne."

"To Fatihohin da muka zubar fa?" in ji wani mai walda. "Sun tafi a banza ke nan?"

Bahijja ta sauke jaka. Ta karɓi turken daga hannun ubanta, ta wuce gaban jama'a ta juyo. Jawabin Turancin da ta sha haddacewa ta bar shi a cikin jakar. Ta taka da baya har jikin badala, ta nuna inda ruwa ya wanke ƙasa, tubala suka fito fili.

"Baba Alhaji, matso ka gani. Kowane tubali a nan da hannu aka mulmula shi. Ga shacin tafin mutum, sa naka ka ji. Ba wanda ya san sunayensu, ba wanda ke yi musu zama. Yau dai sun samu."

Alhaji Baffa ya ɗora tafinsa a kan tubalin, ya bar shi a wurin. Can ya janye hannu ya ce Allah ya kai musu, jama'a suka amsa da amin.

"To 'yata, wuce mu je. Shago dai ya riga ya rufu."

Usur ya farfaɗo. Aka yi azahar, butocin nan suka yi ranarsu, aka cinye abincin makoki tas, har wanda aka kawo abincin dominsa ma ya ci rabonsa. Malam Salihu ya raba jama'a rukuni-rukuni, kowane ɗalibi da baƙinsa. Suka bi lunguna, hadari ya yi musu inuwa bai zubo ba. Mutanen da suka tsufa a birnin suka yi ta tsayawa gaban ƙofofin da suke wucewa kullum suna cewa ikon Allah.

Gwaggo ta ce ita ba yawo ta zo ba, hula take so ta gani da idonta, don haka ta bi su da aron takalmi. A gindin Dala ta dubi matakala ta tsaya cak.

"Gwiwoyin nan ba za su yi ba. Ku je."

Muttaka ya wuce gabanta, ya juyo, ya miƙo hannuwa biyu. Ta harare shi, ta kama. Ya hau da baya, tana biye, yana gaya mata a wane wuri iska ke canjawa, a wane wuri ake fara ganin Goron Dutse, a ina shirwa ke zuwa hutawa in ta gaji da sama. Bai waiwaya ba, bai yi tuntuɓe ba. Ita kuma ba ta ce ya yi shiru ba.

A sama birnin ya shimfiɗu a ƙarƙashinsu, ja da kore, rufin kwano na walƙiya, hasumiyoyin masallaci sun tsaya can cikin haske, hayaƙin girki na tashi siri-siri. Kududdufai kuwa sun buɗe, kowanne da guntun sama a cikinsa. Gwaggo ta kare ido da tafin hannu tana duba.

"Ina gidanmu?"

Ya nuna mata. Ta ƙanƙance ido.

"Na gani. Ga 'yar banzar kazar can ta fita, ba wanda ta tambaya."

Nan a kan dutsen Malam Salihu ya raba huluna. Da ya miƙo ta Bahijja, Gwaggo ce ta fizge, ta juya ta ciki da waje, ta ce ɗinkin inji ne, ko kyauta ba za ta karɓa ba. Sannan ta ɗora wa yarinyar a kan mayafi da hannunta, ta gyara mata zama, ta tofa mata addu'a.

Da yamma, bayan an kwance rumfuna, Bahijja ta ce ita za ta kai su gida. Ta wuce gaba da koriyar hularta, tana tafiya da baya, tana nuna musu Koki. Muttaka na biye da ita, Gwaggo na riƙe da gefen rigarsa, yana buɗe baki a duk inda aka nuna. Haka ya shigo lungu, fuska a gaba. Yaran unguwa suka tsaya suna kallonsa, sannan suka ruga cikin gida suna cewa a kawo tabarma, an yi baƙo.